Makullin Ƙofar Yaya

Shagon Mai Makulli ɗan tsukuku ne, matse tsakanin na tela da na mai gyaran rediyo, in ya miƙe hannuwansa biyu sai ya taɓa bango da bango. A jikin allon da ke bayansa mabuɗai ne rataye a kan ƙusoshi, waɗanda aka yanka da waɗanda ba a yanka ba, da kuma waɗanda yake kira marayu, wato waɗanda masu su suka kawo a yi musu irinsu ba su sake waiwayowa ba. In babbar mota ta wuce sai duk su ɗauki rawa suna 'yar ƙara, kamar ana juya cokali a kofin shayi a wani ɗaki mai nisa. Da hantsi rana kan leƙo ta wata ɓular kwano ta sauka daidai kan injin yankan makulli, garin ƙarfe ya riƙa yawo a cikin hasken a hankali. Shi kuwa sai ya ajiye aiki ya zuba tagumi yana kallo. Tela ya sha faɗa cewa da ana biyan mutum ladan kallon garin ƙarfe, da tuni maƙwabcinsa ya gina bene.

Yayarsa ce ta sa shi a wannan sana'a. Yana ƙarami mahaifiyarsu ta rasu, mahaifinsu kuma direban babbar mota ne, sai ya yi makonni ba a ga ƙeyarsa ba. Yaya, wadda ta ba shi shekaru masu yawa, ita ta zama uwa ta zama uba. Wanki da guga take yi wa mutanen unguwa, amma komai yawan kayan da ke gabanta, in rana ta take sai ta ajiye dutsen guga ta tafi ɗauko Autanta daga makaranta. Akwai titi tsakanin gida da makarantar, a lokacin ɗan siriri ne, amma sai ta damƙe masa wuyan hannu kamar wanda zai tsallake kogi, har su isa gida shatin yatsunta na jikin fatarsa. Da ya tasa, wata rana aka kama shi ya buɗe kwaɗon ɗakin ajiyar maƙwabta da guntuwar waya. Bai ɗauki ko tsinke ba, so kawai yake ya ji yadda cikin kwaɗon yake. Yaya ta zane shi tas, sannan washegari ta ja shi har wurin wani tsoho mai gyaran makulli, ta ce ga shi nan, ya riga ya iya buɗewa, a koya masa neman izini.

Ya kuwa koya, har ya so ya wuce gona da iri. Mutane sukan zo masa a guje, kowa da kalma ɗaya a baki: dole. Dole ka buɗe mini, dole yanzu-yanzu. Shi kuma sai ya gyara zaman tabarau ya fara juya kalmar kamar mai duba mabuɗin da ya lanƙwashe. Matarsa, wadda malamar firamare ce kuma kowa Malama yake ce mata har shi, takan ce ta auri mutumin da in ka ce masa dole ya ci abinci sai ya tambaye ka wa ya sa dokar. Ba taurin kai ba ne. Ƙofofi ne suka koya masa cewa dole da doka da daidai ba su cika kwana ɗaki ɗaya ba.

Akwai ranar da wani mai gidan haya ya zo da ma'aikacin kotu, da izini cikakke, aka ce ya buɗe ɗakin wani ɗan haya. Ya buɗe, don doka ta ce a buɗe, kuma aikinsa ke nan. Abin da ya fara gani da ƙyauren ya wangale shi ne takalman yara jere a bakin ƙofa, daga babba zuwa ƙarami, wani ya ɓata lokaci ya daidaita su. Ya tattara kayan aikinsa ya koma shago, ranar bai iya yanka mabuɗi ko ɗaya daidai ba. Akwai kuma ranar da ya ga hayaƙi na fita ta ƙarƙashin wata ƙofa ya ji kukan jariri a ciki, ya ɓalle ta ba tare da ya tambayi kowa ba. Mai ɗakin da ta dawo daga ɗebo ruwa sai da ta fara yi masa faɗan ƙofarta kafin ta ga abin da ya faru ta zube tana kuka. Sai wata baiwar Allah da ta taɓa kawo masa akwatin mijinta, ta rantse nata ne, ya kalli akwatin ya kalle ta, ya ce hannunsa na ciwo. Babu dokar da ta hana shi, zuciyarsa ce dai ta ƙi. Haka ya yi ta rayuwa, yana ba kowane abu sunansa, har furfura ta cim masa, yara suka girma suka watse garuruwa, gida ya rage daga shi sai Malama.

Sai Yaya ta dawo hannunsa. Mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, takan ce ita ai ta gama nata renon tun tana budurwa. Babu wanda ya tsaya shawara kan inda za ta zauna. Aka gyara mata ɗakin yara, mai banɗaki a ciki da taga mai kallon bishiyar bayan gida. Da farko mantuwa ce 'yar kaɗan, ta ajiye carbi a firij, ta gaishe ka sau uku kafin ka zauna. Daga baya rikicin tsufa ya shigo sosai, lokaci ya kwance mata. Wata rana Auta yaro ne mai gajeren wando, wata rana kuma babban mutum ne mai shago da take alfahari da shi, amma ba kasafai yake zama wannan dattijon mai tabarau da ke miƙo mata shayi ba. Shi takan kira shi bawan Allah, ta yi masa godiya cikin ladabi irin na baƙo. Malama kuwa har kullum amaryar Auta ce, abin da ke sa Malama dariya tana shafa furfurarta.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma in rana ta take, wani abu kan motsa a jikin Yaya. Sai ta miƙe, ta yafa mayafi, ta nufi ƙofa: za ta ɗauko Auta daga makaranta. Makarantar an rushe ta tun tuni, gidan mai ne a wurin yanzu, ɗan siririn titin nan kuma ya zama babbar hanya mai layi-layi, inda motoci ba sa rage gudu don kowa. Ƙafarta ba ta manta hanya ba ko kaɗan, idonta ne ba ya ganin abin da ke kai yanzu.

Mai Makulli ya gwada zuwa da ita shago. Ta zauna a kan benci tana kallon mabuɗai suna rawa, tana murmushi, har ya ce an samu mafita. Ya sunkuya kan inji, ƙarar ta cika masa kunne, ya ɗago ya ga benci wayam. Aka ɗauko wata mata ta riƙa zama da ita, Yaya ta kore ta da tsintsiya, wai ta zo satar kayan gugar mutane. Malama ba ta da halin barin aji. Rannan sai ga Kofur, wani ɗan sanda mai yawan ɓatar da mabuɗi wanda ya zama kamar ɗan gida a shagon, ya riƙo hannun Yaya, takalminta ɗaya babu. A tsakiyar babbar hanya ya tsamo ta, tsaye kan farin layi, motoci na wucewa gaba da baya, tana ɗaga musu hannu wai su bari yara su wuce.

Mai Makulli ya zaunar da ita, ya ba ta ruwa. Ya ja Kofur gefe ya tambaye shi abin da doka ta ce. Kofur ya sosa ƙeya ya ce shi dai a iya saninsa, in ka kulle mutum a ɗaki wani abu ya same shi, kai za a tambaya, in kuwa ka bar ƙofa a buɗe ta fita mota ta ɗauke ta, direba za a tambaya. Ya ƙara da cewa, Baba, wannan a bakin aiki na faɗa, in a bakin ɗa ne, ka sa makulli. Tela, wanda ba a tambaye shi ba, ya leƙo da almakashi a hannu ya ce kula da ita wajibi ne a wuyansa, matar da ta ƙi aure sai da ya zama mutum. Kamar dai wani ya ce ba haka ba ne. Da yamma Malama ta zauna kusa da shi ta faɗi kalmar da ya san za ta faɗa, a hankali, ba tare da ta kalle shi ba. Ta ce wannan karon kam dole ne, kuma kada ya tambaye ta wa ya sa dokar. Bai tambaya ba.

Bai taɓa yin aiki mai kyau kamar na ƙofar Yaya ba. Ya zaɓi makulli mafi laushi a shagon, ya warware shi, ya goge kowane haƙori da magagari, ya ɗiga mai, har ya zama in an murɗa ba a jin ko ƙis. Ya sa shi ranar da Malama ta fita da Yaya shan iska, ya share garin katakon tsaf. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana buɗe wa mutane ƙofa, yau ga shi ya juya ramin mabuɗi ta waje. Ya san wajibi ne ya tsare ta, ya yarda dole ce ta kawo shi nan, doka kuma ta kau da kai. Abu ɗaya ne ya kasa samun bakin faɗa, wato cewa daidai ne, kuma wannan ɗin ne ya tsaya masa a rai.

Kullum da safe sai a shirya mata ɗaki. Shayi a filas, abinci a rufe, rediyo na magana ƙasa-ƙasa, da kwandon wankakkun kaya, don Yaya in ta samu abin ninkewa ta samu duniya. Malama ce ta gano wannan dabara: da yamma ta warware kayan da aka ninke, da safe ta mayar mata da su. Yaya sai ta zauna bakin gado tana shafa kowace riga da tafin hannu kamar da dutsen guga, tana kiran sunayen masu kayan, mutanen da suka daɗe a ƙasa. Shi kuma sai ya ja ƙyauren a hankali, ya murɗa, ya fice da sauri kamar wanda ya yi sata. Bai taɓa tsayawa ya ji abin da ke biyo baya ba. In ya dawo da la'asar yakan same ta a bakin taga tana kallon bishiya, mayafi a kafaɗa, takalmi a ƙafa. A shago kuwa rana ta ci gaba da saukowa ta ɓular kwano, amma ya daina tsayawa kallo.

Wata rana ya manta tabaraunsa a gida. Ya yi ta fama har rana ta take, ya ga zai lalata wa mutane mabuɗai, sai ya ce wa Tela ya duba masa shago. Gidan shiru, sai muryar rediyo can ciki. Ya ɗauki tabaraun a kan tebur, har ya juya, sai ya ji mariƙin ƙofar Yaya ya motsa. Mariƙin ya sauka a hankali, ya koma. Ya sake sauka, ya koma. Ba bugu, ba kira, hannu ne kawai ke gwadawa cikin haƙuri, irin gwajin wanda ya saba yi kullum a wannan lokaci. Ƙafafunsa suka kai shi bakin ƙofar ba da shawararsa ba, ita kuwa ta ji takunsa.

"Wane ne a nan?" in ji ta.

Ya damƙe tabaraun a hannunsa.

"Bawan Allah, don Allah ka taimake ni. Ƙofar nan ta ƙi buɗuwa. Ka je kasuwa ka tambayi shagon ƙanena, mai makulli ne, kowa ya san shi. Ka ce Yayarsa ce. Babu ƙofar da take gagararsa."

Ya jingina goshi da ƙyauren. Katakon da ɗumi, kamar ita ma ta jingina ta ciki.

"Ka tafi?" ta tambaya. "Kada ka ji komai, ba zai karɓi ko sisinka ba. Yaron kirki ne, ni na rene shi."

Mabuɗin na aljihun rigarsa, a inda yake kullum. Ya zaro shi, ya zura, makullin ya juya shiru kamar yadda ya gyara shi ya yi. Yaya na tsaye da mayafinta, ta ɗaga kai ta dube shi, fuskarta ta washe gaba ɗaya. Rabon da ta gane shi haka har ya manta.

"Auta. Ai na gaya wa mutumin nan za ka zo." Ta leƙa bayansa tana neman wanda ta aika ta yi masa godiya. Sannan ta rage murya, ta kama hannun rigarsa. "Wani ne yake rufe ni kullum. Ina jin tafiyarsa. Ka canza makullin nan, kada ya sake samun hanya."

"To, Yaya," in ji shi.

Ya ɗauko sukuddireba a aljihun tebur ya durƙusa. Ita kuma ta tsaya a kansa tana kallon aikin, tana cewa a hankali dai kada ya ji ciwo. Hawaye ya hana shi ganin kan noti, da tabarau da babu duk ɗaya, sai da lalube ya kwance su.

Da Malama ta dawo ta ga rami a jikin ƙyaure inda makulli yake, sai ta ajiye jakarta ta zauna. Ba ta yi faɗa ba, gajiya ce kawai a fuskarta. Ta tambaye shi titin fa, ya ce titi na nan, shi ma yana nan. Ya ce mata ba ta yi kuskure ba, dole ne, amma da ya buɗe dolen ya duba cikinsa sai ya tarar da shagonsa zaune a ciki: dole ne in har yana so ya wuni a kan inji. Malama ta ce shagon nan dai shi ke kawo rabin abincinsu. Ya ce ya sani, za a ji jiki. Ta daɗe tana kallon ramin, sannan ta tashi ta ɗauko kwandon kaya ta fara warware ninkin Yaya na ranar.

An kuwa ji jiki. Shagon ya koma buɗewa da sassafe, Yaya na kan benci, inji a kashe sai aikin magagari, don ya riƙa jin motsinta. Masu gaggawa suka koma wurin wani saurayi mai sabon inji a bakin tasha. Da rana ta kusa takewa sai Yaya ta miƙe ta gyara mayafi, shi kuma ya rataya ɗan akwatin kayan aiki a kafaɗa ya bi ta. Mutanen hanyar suka saba da su, har wasu kan tare shi da kwaɗon da ya cije, ya gyara a tsaye, ido ɗaya na kan aiki ɗaya na kan mayafin da ke gaba. Tela ya ce bai taɓa ganin shagon da ke bin tsohuwa yawo ba sai wannan.

Tafiyar ba ta da sauri. Yaya na gaida mutanen da babu su, tana kauce wa kwatar da aka rufe shekaru da yawa, tana tsayawa a inuwar bishiyar da aka sare. Shi da farko kwalta da shaguna kawai yake gani. A hankali, don yawan bin sawunta, sai tsohuwar unguwar ta fara tasowa masa ta ƙarƙashin sabuwar, katangar makaranta mai farin fenti, ƙofar ƙarfe mai kuka, ƙanshin guga a jikin zanen Yaya. Sukan tsallaka su tsaya a gefen gidan mai, kusa da inda ake ba taya iska. Wani lokaci in ma'aikacin wurin ya yar da sifana a ƙasa, Mai Makulli kan ji kamar ƙararrawar tashi ce aka buga.

Ba kullum take gane shi ba. Akwai ranakun da takan juyo ta ce, bawan Allah, ko ka ga wani yaro mai gajeren wando? Sai ya ce mata an tashe su da wuri, ya riga ya tafi gida. Ƙarya ce, bai kuma taɓa canza wa ƙaryar suna a ransa ba, yana faɗa ne yana sanin abin da ya faɗa. Makullin nan mai laushi ma bai yar ba. Yana ƙasan akwatin, naɗe a tsumma, don ya san jikinsa ba na ƙarfe ba ne, wata rana ciwo zai kwantar da shi ko ƙafa ta gaza, dolen gaske ta zo wadda babu shago a cikinta. In ta zo zai sa shi, kuma ko a ranar ba zai ce daidai ne ba.

Amma akwai ranakun da in sun daɗe a tsaye sai ta waiwayo, ta gan shi da akwati rataye a kafaɗa kamar jakar makaranta, ta ce, au, har kun fito? Ta kakkaɓe masa gaban riga, ta yi masa faɗan datti. Su taka zuwa bakin hanya, motoci na ta wucewa, shi yana duban dama da hagu yana jiran sarari. Sai ta damƙe masa wuyan hannu, yatsun duk sun zama ƙashi amma riƙon na nan yadda yake.

"Kada ka sake ni," in ji ta. "Sai na ce ka taka."

Shi kuwa sai ya jira har hanya ta yi sarari, ya ɗan matsa hannunta, ita kuma ta ce taka.